Wane Ne Mugu? Fashin Baƙi Kan Kalmomin Mugunta a Ibrananci da Helenanci

A sura ta 2 ta littafin Fitowa akwai wani ɗan gajeren labari wanda mai karatu yakan wuce shi da sauri saboda manyan al'amuran da suke gabansa da bayansa. Washegarin ranar da Musa ya kashe Bamasaren da ya gani yana dukan Ba'ibrane, ya sake fita, sai ya tarar da Ibraniyawa biyu suna faɗa da juna. Nassin Ibrananci ya ce ya fuskanci ɗaya daga cikinsu, wanda aka kira rasha, ya tambaye shi abin da ya sa yake dukan ɗan'uwansa. Wannan kalma ta rasha ta zo fiye da sau 250 a Tsohon Alkawari, kuma ita ce aka saba fassarawa da "mugu", amma a nan ba a gaya mana komai game da zuciyar mutumin ba, ko tarihinsa, ko yadda yake tsakaninsa da Allah. Abin da kawai aka nuna shi ne, a rigimar wannan rana, shi ne marar gaskiya.

Na fara da wannan wuri ne domin ina ganin a nan mai karanta fassara ya fi yin asara ba tare da ya sani ba. Idan Bahaushe ya ji an ce wane mugu ne, abin da yake zuwa masa a rai shi ne mutum mai baƙar aniya, mai ƙeta, wanda yake jin daɗin wahalar wani, irin wanda ake gargaɗin yara kada su bi ta ƙofar gidansa. Da wannan hoto yake shiga Zabura da Karin Magana, ya riƙa cin karo da "mugaye" a kusan kowane shafi, ya kuma ɗauka ana maganar wasu mutane ne can nesa da shi. Alhali littattafan nan an rubuta su ne da kalmomi da yawa, kowace da inda ta dosa, sai fassara ta tattara su ta zuba a ƙwarya ɗaya. Ibrananci yana da kalmar kotu, da ta abin da ya lalace, da ta karkata, da ta tawaye, da ta mutumin banza. Helenanci kuma, wato harshen Girka wanda aka rubuta Sabon Alkawari da shi, ya zo da nasa rabon wanda bai yi daidai da na Ibrananci ba.

Rasha kalmar zauren shari'a ce. Ba ta da dangantaka da "rashawa" da muke haɗawa da cin hanci, duk da kamannin da kunne yake ji, domin ita wannan tana ƙarewa ne da harafin ainun. Kishiyarta ita ce tsaddik, wadda take da saiwa ɗaya da kalmomin Larabci da muka saba da su irin su sadaka da Siddiku. Maimaitawar Shari'a 25:1 ta ɗora su gefe da gefe: idan gardama ta shiga tsakanin mutane suka zo gaban alƙalai, sai a ba tsaddik gaskiya, a ba rasha rashin gaskiya, idan kuwa laifinsa na bulala ne, kada a wuce 40. Da wannan ma'ana ya kamata a ji maganar Fir'auna a Fitowa 9:27, bayan ƙanƙara ta ragargaza amfanin gonar Masar, inda ya ce Ubangiji ne tsaddik, shi da mutanensa kuma su ne resha'im, wato jam'in rasha. Ba tuba ya yi ba, kamar yadda ci gaban labarin ya nuna. Ya dai amsa cewa a wannan karon hukunci bai faɗa a gefensa ba. Haka ma Ibrahim a Farawa 18, lokacin da yake roƙo saboda Saduma yana rage adadi daga 50 har zuwa 10, hujjarsa ta shari'a ce: mai shari'ar dukan duniya ba zai haɗa mai gaskiya da marar gaskiya a hukunci ɗaya ba.

Tun da kalmar ta kotu ce, duk inda aka ambaci rasha akwai wani da aka cuta, ko an faɗi sunansa ko ba a faɗa ba. Wannan ne ya sa siffofin da Zabura da Karin Magana suke ba shi suka zama na kasuwa da unguwa. Zabura 37:21 ta ce shi ne wanda yake cin bashi ba ya biya. Karin Magana 29:7 ta ce mai gaskiya ya san hakkin matalauta, shi kuwa rasha bai ma gane zancen ba. Karin Magana 12:10 ta kai maganar har turke, inda ta ce mai gaskiya yakan kula da ran dabbarsa, amma tausayin rasha ma rashin imani ne. Annabi Mika ya fi kowa kawo abin kusa da ido. A sura ta 6, aya ta 10 da ta 11, ya yi maganar dukiyar mugunta da take jibge a gidan rasha, da efa ragagge, wato ma'aunin hatsinsu da aka tauye, da sikelin mugunta, da jaka mai duwatsun awo na yaudara. A wancan zamani ɗan kasuwa yakan riƙe duwatsun awonsa a cikin jaka, marar amana kuma yakan ajiye iri biyu, mai nauyi domin ranar saye da marar nauyi domin ranar sayarwa, abin da Maimaitawar Shari'a 25:13 ta hana ƙarara. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin masu hatsi ya ga mudun da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, ya ga kuma matar da ta ƙirga kuɗinta sau biyu kafin ta miƙa, ya ga ainihin abin da Mika yake kira mugunta. Mai wannan mudu yana iya zama mutum mai fara'a wanda ba ya fashin ibada.

Ishaya 58 ma masu azumi take yi wa magana, waɗanda suke azumi suna naushi da "dunƙulen mugunta", ta ce azumin da Allah yake so shi ne a kwance igiyoyin mugunta a saki waɗanda aka danne. Saboda haka ne kuma tuban rasha yake da siffa da ake iya gani. Ezekiyel, wanda ya yi annabci a tsakiyar waɗanda aka kwashe zuwa Babila, ya faɗi sau biyu, a sura ta 18 da ta 33, cewa Allah ba ya jin daɗin mutuwar rasha, ya fi so ya juyo ya rayu. Da ya zo bayyana juyowar a 33:15, abin da ya fara lissafawa shi ne mayar da jingina ga mai ita da biyan abin da aka ƙwace. Matsayi ne da mutum yake shiga da aikinsa, yake kuma fita daga cikinsa ta hanyar mayar da hakki.

Kalma ta biyu, ra, da 'yar'uwarta ra'a, ta fi ta farko yawa da faɗi, kuma saiwarta ba ɗaya ba ce da ta rasha. Ita ce kishiyar tob, wato mai kyau, kamar yadda suka zo tare a sunan itacen nan na gonar Adnin. Shanun nan bakwai ramammu na mafarkin Fir'auna ra ne. Ɓauren da Irmiya ya gani a kwando, wanda ya lalace har ba ya ciwuwa, ra ne. Ruwan Yariko da mutanen garin suka kai wa Elisha kukansa ra ne. Naman dajin da 'yan'uwan Yusufu suka ƙulla za su ce ya cinye shi ra ne, fuskar Nehemiya da sarki ya ga ta ɓaci ita ma ra ce, haka Yakubu ya gaya wa Fir'auna cewa shekarunsa 130 kaɗan ne kuma ra ne. A nan Bahaushe ya fi masu wasu harsuna sa'a, domin namu "mugu" ma haka yake yawo: muna cewa mugun ciwo, mugun mafarki, mugun labari, mugun wari, ba tare da mun ɗora wa ciwon ko warin laifi ba. Matsalar takan taso ne idan aka koma ga sunan, domin "mugunta" a Hausa ta mutum ce kawai, ita kuwa ra'a tana ɗaukar ɓarnar da mutum ya yi da masifar da ta faɗa masa baki ɗaya.

Ba inda wannan ya fi fitowa kamar littafin Yunusa, mai surori huɗu kacal, wanda marubucinsa ya riƙe kalmar ra'a ya yi ta juya ta. An aiki annabin zuwa Nineba domin ra'arsu ta kai gaban Allah, wato muguntarsu. Da hadari ya taso wa jirgin, matuƙa suka jefa ƙuri'a su san saboda wa wannan ra'a ta same su, wato masifa. Mutanen Nineba suka bar hanyarsu ta ra'a, sai Allah ya fasa ra'ar da ya ce zai aukar musu. Nan da nan sura ta 4 ta buɗe da cewa abin ya zama babbar ra'a ga Yunusa, ma'ana ransa ya ɓaci matuƙa, har ya yi fushi. Daga baya Allah ya sa wani tsiro ya yi masa inuwa domin ya cece shi daga ra'arsa, kuma a nan mai karatun Ibrananci ba zai iya yanke ko zafin rana ake nufi ko baƙin cikin da ya cika masa zuciya ba. Mai fassara dole ya sa mugunta a wuri ɗaya, masifa a wani, ɓacin rai a na uku, wahala a na huɗu, kuma bai yi kuskure ba, sai dai zaren ya tsinke. Wanda ya ji labarin a harshensa na asali yana ganin yadda abu ɗaya ya tashi daga birnin da ya tuba ya sauka a kan annabin da ya ƙi yarda a yi wa birnin jinƙai.

Sanin wannan faɗi yana taimakawa a wurin ayar da ta daɗe tana damun masu karatu, Ishaya 45:7, inda Allah ya ce shi ne mai yin haske da halittar duhu, mai yin shalom da halittar ra. Maganar ga Sairus sarkin Farisa aka yi ta, wanda ya ci Babila a shekara ta 539 kafin haihuwar Almasihu, kuma abin da aka sa daura da ra a nan shi ne shalom, wato salama da zaman lafiya. Kishiyar zaman lafiya kuwa bala'i ne, irin na yaƙi da faɗuwar daula, kamar yadda Amos 3:6 ya tambaya ko ra'a za ta auka wa birni ba da yin Ubangiji ba. Duk da haka ba zan ce nauyin ayar ya gushe gaba ɗaya ba, kuma mutanen dā ma sun ji shi. Babban naɗaɗɗen littafin Ishaya da aka samu a kogon Kumran kusa da Tekun Gishiri a 1947 yana da tob a gurbin shalom, addu'ar safiya ta Yahudawa kuma, wadda ta ɗauko wannan aya, ta musanya ƙarshenta da "mai halittar kome".

Akwai wasu kalmomi uku da suke zuwa tare a Fitowa 34:7, inda aka ce Allah yana gafarta awon da pesha da hatta'a. Pesha tawaye ne, kalmar siyasa ce ma: ita aka yi amfani da ita lokacin da ƙasar Mowab ta ɓalle daga Isra'ila bayan mutuwar sarki Ahab, sarkinta Mesha ya daina kai harajin 'yan raguna 100,000 da ulun raguna 100,000. Hatta'a tana da saiwa ɗaya da haɗi'a ta Larabci, kuma aikatau ɗinta ya zo a Mahukunta 20:16 game da bahagwai 700 na kabilar Biliyaminu waɗanda suke iya auna gashi guda da majajjawa ba su kuskure ba. Awon ita ce ta fi zurfi. Saiwarta tana nufin lanƙwasa ko karkatarwa, amma kalmar tana ɗauke da aikin da aka yi, da laifin da ya rataya a wuyan mai shi, da hukuncin da yake biyo baya, duka a lokaci ɗaya. Kalmar Hausa da ta fi kusa da ita, a ganina, ita ce alhaki, wanda muke cewa kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Shi ya sa kukan Kayinu, wanda Musulmi suka sani da Ƙabila, yake da fuska biyu a Farawa 4:13. Ana iya karanta shi da cewa hukuncinsa ya fi ƙarfin ɗaukarsa, ana kuma iya karanta shi da cewa laifinsa ya wuce a gafarta, kamar yadda tsofaffin fassarorin Helenanci da Latin suka ɗauka, domin a Ibrananci aikatau ɗaya ne yake nufin ɗauka da kuma gafartawa. Awon kaya ne, kuma a ranar kafara, bisa ga littafin Firistoci sura ta 16, a kan bunsuru ake ɗora shi a kore shi zuwa jeji.

Sai dai a nan akwai buƙatar taka tsantsan. Masu wa'azi suna son su ce zunubi "kuskuren saiti" ne kawai, suna kafa hujja da masu majajjawan nan. Wani masani ɗan ƙasar Sukotilan, James Barr, ya yi gargaɗi mai ƙarfi a kan irin wannan tun 1961, cewa asalin kalma ba shi ne ma'anarta ba, yadda ake amfani da ita ne ma'anarta. Ba wanda yake tuna hancin fuska idan aka ce cin hanci. Lokacin da Dawuda, bisa ga 2 Sama'ila 12:13, ya amsa laifinsa a gaban annabi Natan da aikatau ɗin hatta'a bayan mutuwar Uriya, wanda ya sa aka kashe saboda matarsa, ba yana cewa hannunsa ne ya goce ba.

Kalmar da ta fi kama da zagin titi ita ce beliya'al, wadda ta zo sau 27, kuma da yawa suna fassara ta da "marar amfani". Yawanci takan zo ne da "ɗa" ko "'ya'ya" a gabanta, daidai da yadda muke cewa ɗan banza ko 'yan iska. Haka aka kira 'ya'yan Eli firist, masu aiken bara ya sa cokali mai yatsa uku a tukunyar hadayar mutane ya ɗebo musu duk abin da ya kamo. Hannatu kuma, da Eli ya zaci ta bugu ne saboda ganin leɓunanta suna motsi ba a jin murya, ta roƙe shi kada ya ɗauke ta 'yar beliya'al. Wurin da kalmar ta fi nuna aikinta shi ne 1 Sarakuna 21. Nabot ya ƙi sayar wa sarki Ahab gonar inabin da ya gāda a Yezreyel, sai Yezebel matar sarki ta rubuta wasiƙu da sunan sarki ta buga hatiminsa, ta umarci dattawan garin su yi shelar azumi, su zaunar da Nabot a gaban jama'a, su sa mutum biyu 'ya'yan beliya'al su yi shaida cewa ya zagi Allah da sarki. An cika ƙa'idar shaidu biyu, an yi azumi, an yanke hukunci, aka fitar da shi bayan gari aka jajjefe shi. Mutanen banzan nan su ne kayan aikin da aka juya shari'a da su, aka mai da tsaddik ya zama rasha a idon jama'a. Da tafiya ta yi nisa kalmar ta zama suna: a rubuce-rubucen Kumran Beliyal shi ne shugaban rundunar duhu, manzo Bulus kuma a 2 Korantiyawa 6:15 ya sa Beliyar daura da Almasihu.

A ƙarni na 3 kafin Almasihu Yahudawan Iskandariya ta Masar, waɗanda Helenanci ya zama harshen gidansu, suka fara juya Attaura zuwa wannan harshe, sauran littattafan suka biyo baya. Wannan fassara ce ake kira Septuwajinta, saboda labarin da aka gāda cewa dattawa 72 ne suka yi aikin a zamanin sarki Talomi na biyu. Da suka zo kan rasha, a labarin Musa da masu faɗa sun sa "mai cutar da wani", wanda ya dace sarai. Amma a wurare masu yawa, har da maganar Fir'auna da roƙon Ibrahim da ayar farko ta Zabura, kalmar da suka zaɓa ita ce asebes, wato marar girmama abin bauta. Wannan kalmar tana da tarihinta a ƙasar Girka, domin laifin asebeya ne aka tuhumi Sokratis da shi a Atina a shekara ta 399 kafin Almasihu, cewa ba ya girmama allolin birnin kuma yana ɓata matasa. Ba zan kira zaɓin nasu kuskure ba, tun da rasha na Zabura 10 da kansa yana cewa a ransa Allah ba zai bincika ba. Amma nauyi ya karkata. Kalmar da take sa mutum ya waiwaya ya nemi wanda aka cuta ta koma wadda take sa ya duba ibadar mai laifin, kuma ina ganin har yau yawancinmu da wannan kunne muke karanta "mugaye".

Wanda ya san wannan tarihi ne zai ji girgizar da take cikin Romawa 4:5, inda Bulus ya kira Allah mai ba asebes gaskiya. Fitowa 23:7 a Ibrananci ta ce Allah ba zai ba rasha gaskiya ba, fassarar Helenanci kuma ta hana alƙali ya ba asebes gaskiya saboda toshiya, da ainihin kalmomin da Bulus ya yi amfani da su. Karin Magana 17:15 ta ce mai yin haka abin ƙyama ne ga Ubangiji. Bulus Bafarisiye ne, wato ɗan ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin Attaura, ya san waɗannan ayoyi, kuma da gangan ya jingina wa Allah abin da aka haramta wa alƙali, sannan ya ɗauki surori yana kafa hujjar yadda Allah zai yi haka ya kuma tabbata mai adalci, har ya ce a 5:6 Almasihu ya mutu ne domin waɗannan asebes. Ko mutum ya karɓi hujjarsa ko bai karɓa ba, ba zai gane girman abin da ake da'awa ba sai ya ji amon kotun Musa a bayan jimlar.

Ra kuma Helenanci ya raba ta tsakanin kakos da poneros. Kakos ita ce ta yau da kullum, abin da bai yi kyau ba ko ya cutar. A Luka 16:25 matalauci Li'azaru ya sha kaka a duniya, wato wahalhalu. A tsibirin Malta maciji ya maƙale a hannun Bulus bai same shi da wani kakon ba. A Matiyu 6:34 kuma an ce kakiyar kowace rana ta ishe ta, ana nufin ɗawainiyarta. Poneros ta fito ne daga ponos, wato aiki mai wuya da azaba, daga nan ta zama abin da yake jawo wa wani wahala. Wani babban limamin coci na Dublin a ƙarni na 19, Richard Trench, ya bambanta su da cewa mai kakos yana iya lalacewa shi kaɗai, amma mai poneros ba ya hutawa sai ya ja wani. Bambancin yana da amfani idan an ɗauke shi a matsayin inda kowace ta fi karkata, amma ba doka ba ce, domin Wahayin Yahaya 16:2 ta haɗa su biyun a kan miki, Matiyu 7:17 kuma ta kira 'ya'yan ruɓaɓɓen itace poneros. Abin da ya fi haskaka mini poneriya shi ne labarin waɗanda suka zo wa Yesu da yabo a baki suna tambayarsa ko ya halatta a biya Kaisar haraji. Matiyu ya ce ya gane poneriyarsu, Markus ya ce ya gane munafuncinsu, Luka ya ce ya gane makircinsu. Abu ɗaya suke bayyanawa, tarko da aka lulluɓe da ladabi.

Anomiya da adikiya sun fi sauƙi. Ta farko rashin bin doka ce, kuma da ita Matiyu 7:23 ta ɗauko maganar Zabura 6 game da masu aikata ɓarna. Ta biyu zalunci ce, irin na alƙalin Luka 18 wanda gwauruwa ta yi ta zarya a ƙofarsa, kuma ita ce ta fi riƙe ƙamshin kotu da rasha take da shi. Wasiƙar Yahaya ta fari ta ɗaure kowaccensu da zunubi, a 3:4 da 5:17.

Akwai wata magana da ta haye daga Ibrananci zuwa Helenanci da kayanta duka, wadda mai karatu na ƙasarmu yake saurin yi wa mummunar fahimta, wato "mugun ido". Hankalinmu yakan tafi ga kambun baka ko maita, amma a waɗannan littattafai zancen rowa ne da ƙyashi. Maimaitawar Shari'a 15:9 ta gargaɗi mai hali kada tunanin beliya'al ya shiga zuciyarsa, ya ga shekara ta bakwai ta yafe basussuka ta kusa, idonsa ya zama ra ga ɗan'uwansa matalauci, ya hana shi rance. Karin Magana 23 ta ce kada a ci abincin mai mugun ido, domin yana cewa "ci, sha" amma zuciyarsa ba ta tare da baƙon, 22:9 kuma ta ce mai kyakkyawan ido zai sami albarka domin yana ba matalauci daga abincinsa. Da wannan za a karanta misalin Matiyu 20, inda mai gonar inabi ya biya waɗanda ya ɗauka da la'asar sakaliya dinari guda daidai da waɗanda suka yini a rana, ya tambayi mai gunaguni ko idonsa poneros ne saboda shi mai alheri ne. Haka kuma maganar ido a Matiyu 6:22 da 23, wadda aka sa ta tsakanin gargaɗin tara dukiya da gargaɗin bauta wa iyayengiji biyu, ba ta bar zancen kuɗi ba ko kaɗan.

Wuri na ƙarshe shi ne wanda miliyoyin Kirista suke furtawa kullum, ƙarshen addu'ar da Yesu ya koyar a Matiyu 6:13. Helenanci yana da jinsi uku, na namiji da na mace da na abin da ba ɗaya daga cikinsu ba, saboda haka yana iya bambanta ho poneros, mugun, da to poneron, mugun abu. Ana ganin aikin wannan a umarnin Maimaitawar Shari'a na a kawar da ra daga cikin jama'a, wanda fassarar Helenanci ta mayar namiji a 17:7, Bulus kuma ya ɗauke shi haka a 1 Korantiyawa 5:13 game da mutum guda. Amma bayan harafin da yake nufin "daga", siffofin biyu suna zama iri ɗaya, tou ponerou, kuma haka addu'ar ta zo. Malaman coci masu Helenanci irin su Orijen da Yohanna Kirisostom sun ɗauka Shaiɗan ake nufi, Agustin kuwa, wanda yake karanta ta da Latin, ya karkata ga mugun abu kowane iri. Kowane ɓangare yana da madogara. A misalin mai shuka, inda Matiyu 13:19 ya ce poneros yana zuwa ya fizge iri, Markus ya sa Shaiɗan, Luka ya sa Iblis. A ɗaya gefen, 2 Timoti 4:18 ta yi amfani da aikatau ɗin ceto iri ɗaya ta ce daga kowane mugun aiki.

Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, duk wanda ya zauna fassara wannan aya sai ya zaɓa, domin harshenmu ba shi da siffa guda da za ta riƙe ma'anonin biyu. Idan ya ce "daga Mugun", ya nuna abokin gaba amma ya bar yunwa da ciwo da tauyayyen mudu a waje. Idan ya ce "daga mugunta" ko "daga sharri", ya kwaso waɗannan amma fuskar mai jarabtarwa ta dushe, alhali jimlar da ta gabata zancen jaraba take yi. Ni na fi karkata ga "Mugun", saboda yadda Matiyu da kansa yake amfani da kalmar da kuma kusancinta da maganar jaraba, amma ina ganin wajibi ne a rubuta ɗaya ma'anar a ƙasan shafi, domin wanda ya fara jin addu'ar da Helenanci duka biyun ya ji.